Ƙafar da Mijina Ya Miƙa wa Babana

A shekarun da zan ba ku labari, ni ɗiyar maɗori ce kuma matar ɗan ƙwallo. Da waɗannan abubuwa biyu nake taƙama, ba ni da na uku. A Barkiya ta ƙasar Kurfi aka haife ni, aure ya kawo ni Dutsin-Ma. Boko kuwa ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba, sai da na haifi 'ya'ya uku sannan na zauna a benci na koyi riƙe biro, don haka in an ga zancen ya karkace a yi mini uzuri. Abin da na tashi da shi tun ina ƙarama baki ne. Duk unguwarmu an san ba a taka ni in yi shiru, daga mai tura kurar ruwa har matan gidan biki. Har yabona ake yi ana cewa wance ba ta da tsoro, ni kuma kaina na ƙara girma. Ba zan ambaci sunan kowa ba a wannan takarda. Wanda ya san mu zai gane, wanda bai san mu ba abin da ya faru ya ishe shi.

Ɗori gadon gidanmu ne, Baba a wurin mahaifinsa ya karɓa. Na girma ina ganin ana sauke mutane daga amalanke a ƙofar gidanmu, daga Ɗantutture, daga cikin Kurfi, har daga rugagen Fulani. Ni ce mai riƙe masa ƙwaryar man shanu, ni ce mai miƙa karare da tsumman ɗauri. Da idona na ga wanda sa ya take wa cinya ƙashin ya rabu biyu, Baba ya haɗa, damina ta zagayo mutumin yana huɗa a gonarsa. Ina so mai karatu ya riƙe wannan kafin in ci gaba: Babana ba macuci ba ne, ba kuma ɗan tsibbu ba ne. Ƙashi ya sani, kuma ya san shi ƙwarai. Mutum ne mai tausayi, in yana ɗora yaro har labari yake ba shi don ya ɗauke masa hankali. Saboda haka na tashi da imanin cewa duk abin da ya samu ƙafa ko hannu, in dai Baba ya ɗora hannunsa a kai, an gama.

Maigidana kuma ɗan wasan tsakiya ne. A filin ƙasa na bayan makarantar unguwarsu ya fara, ba takalmi, daga nan ƙungiyar gari, daga nan wani kulob na wata jiha ya ɗauke shi, suka yi ta fama a ƙaramin rukuni har suka hau babbar gasa ta ƙasa. A shekara ta biyu da hawansu aka ɗaura masa ƙyallen kaftin a dantse, sunan ya bi shi har gida, yara da manya Kaftin suke ce masa. Ni ban fahimci wasan ba da farko. Nakan tsokane shi in ce wane irin ɗan ƙwallo ne shi da ba a taɓa jin an ce ya ci ba, kullum sai dai a ce ya ba wane, wane ya ci. Sai ya yi dariya ya ce aikinsa irin na mai ban ruwa ne a fadamar Zobe, ya buɗe wannan kwami ya toshe wancan, ba wanda ke tuna shi ranar ɗiban tumatir, amma ya yi fashin kwana biyu a ga yadda gonar za ta koma. A hankali na fara ganewa. Idan aka nuna wasansu na lura kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya waiga hagu da dama, ya san inda zai aika ta. Ba shi da gudun tsiya, ba shi da jiki, kansa da ƙafarsa ta dama su ne jarinsa. Shiru-shiru ne, ko alƙalin wasa ya zalunce shi sai dai ya kaɗa kai. Mutane kan ce Allah ne Ya haɗa mu don a samu mai magana ɗaya a gidan.

Da farko Baba bai so auren ba. Cewa ya yi shi bai ga sana'a ba a wurin ƙato da gemunsa ya sa gajeren wando yana bin fata a rana. Ladabin yaron ne ya karya masa gwiwa har ya amince, daga baya ma ya koma ba ya da na biyunsa. In ana sharhin wasa a rediyo sai ya kafa kunne, da ya ji an ambaci sunan surukinsa sai ya hau gyaran murya yana duban mutanen zaure. Amma kunyar da ke tsakaninsu ta fi ta kowane suruki da na sani. Maigidana bai taɓa cin abinci a gaban Baba ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya tsuguna. In ya hango shi a kasuwar Kurfi sai ya canza layi. Babban tashin hankalinsa shi ne wata rana a ja Baba gidan kallo ya gan shi a talabijin da gwiwoyi a waje. Nakan yi masa dariya a kan haka, in ce mutumin da filin wasa cike da jama'a bai ba shi tsoro ba, tsoho ɗaya mai sanda ya hana shi sakat.

Raunin ya zo ne a wani wasa da suka je can kudu, cikin damina, fili ya jiƙe. Abin haushin ma ba wanda ya taɓa shi. Ya karɓi ƙwallo zai juya, haƙoran takalmin suka kafe a ƙasa, jiki ya juya ƙafa ba ta bi ba. Ya ce da kunnensa ya ji ƙas a cikin gwiwar dama. Likitan kulob ya duba, aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi lafiyarsa lau, wata jijiya ce da ke can tsakiyar gwiwa mai riƙe gaɓar ta tsinke. Aka sa masa wani abin ɗauri mai ƙarfe a gefe, aka ba shi sanduna, aka ce ya riƙa sa ƙanƙara, in kumburin ya saɓe za a yi masa tiyata a babban asibiti a gyara. Wasan wannan shekara dai ya ƙare masa, amma likita ya ce 'yan wasa da yawa sun yi irinsa sun dawo, koci kuma ya ce wurinsa na nan yana jiransa. Aka ba shi izini ya zo gida ya huta kafin ranar aikin.

Mai tsaron ragar kulob ɗinsu ne ya rako shi, wani dogon Bahaɗeje amininsa, wanda ba ma haɗuwa da shi ba mu yi tsiyar nan ta Katsinawa da Haɗejawa ba. Yana shigowa ya ce ga bawansa nan ya kawo wa Katsinawa ajiya, a kula masa da shi, kuma a rage gishiri a miya don ya san halin girkina. Na ce ya fara koyon kama ƙwallo kafin ya koya mini girki. Amma da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya daina dariya. Ya ce matar Kaftin, don Allah don Annabi kada a bari kowa ya taɓa ƙafar nan, kada a ja, kada a murza, kada a shafa komai, haka likita ya ce. Na ce na ji. Gaskiyar magana abu biyu kawai suka zauna mini a kai daga duk bayaninsa. Na farko, ƙashi bai karye ba. Na biyu, za a yanka mijina da wuƙa. A lissafina, in ƙashi bai karye ba ai targaɗe ne, targaɗe kuwa a gidanmu ko almajiran Baba suna gyara shi. Na riƙa tambayar kaina yadda za a ce a tsaga mutum a kan targaɗe.

Ban aika Barkiya ba, amma 'yan kasuwa sun kai labari. Wata safiya ina wanke-wanke na ji sallamar Baba. Lokacin hanyar dajin nan tamu ta fara lalacewa da ɓarayi, masu ƙarfi ma sai sun yi shawara kafin su bi ta. Ga tsoho ya hau bayan babur tun asuba, rawaninsa ya yi ja da ƙasa, jakar fatarsa a rataye, da damin kararen da ya fere da hannunsa, da man shanu a ɗan kwano an ɗaure da leda. Ko ruwa bai sha ba ya ce ina yaron, ya ji an ce ƙafa ce, shi kuwa yana raye ba za a ce ƙafar ɗansa ta lalace ba. Wallahi daɗi na ji har na yi ƙwalla. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida na ruga ɗaki in yi wa maigida albishir.

Na same shi ya riga ya ji muryar, ya jawo zanena ya rufe ƙafar, fuskarsa ta canza. Ya kamo hannuna ya yi ƙasa da murya, ya ce don Allah in je in lallaɓa Baba, in gaya masa likita ya duba cikin gwiwar ya ce jijiya ce, kuma ya hana a taɓa. Ya ce shi bakinsa ba zai iya furta wannan ga Baba ba ko za a kashe shi, amma ni ɗiyarsa ce, zan san yadda zan faɗa ba tare da ransa ya ɓaci ba. Kalma biyu kawai ake nema daga bakin da ya saba dubu. Maimakon haka sai na fizge hannuna. Na ce wato ubana ne bai san aikinsa ba ko? Na ce tun kafin a haifi wannan likitan nasa Baba ke haɗa ƙasusuwa. Na ce tsoho ya sayar da ransa ya biyo hanyar da 'yan sanda ma ke tsoro, sannan in fita in ce masa ya kwashe kararensa ya koma, an raina shi? Na ce in shi ya ci abincin birni ya fara ƙyamar na gida, to shi ya fita ya faɗa da bakinsa. Na san sarai ba zai iya ba. Ya dube ni ya ce ba haka ba ne, ya sake buɗe baki, ni kuwa na riga na ɗaga labule na ce Baba bismilla, shigo.

Ya yunƙura zai sauko daga gado ya gaida shi, Baba ya ce a'a, zauna, zauna, Allah Ya yi maka albarka. Ya ce miƙo ƙafar in gani. Na tsaya ina kallo. Maigidana ya sunkuyar da kai, ya ɗan jima, sannan ya sa hannu biyu ya ɗago ƙafar ya miƙa. Baba ya kwance abin asibitin ya ajiye gefe, ya ce wannan ai sai ya riƙe jini. Ya shafa mai, ya lalluba da yatsunsa, ya ji gaɓar tana sassaftu tana zamewa gaba, ya ce gocewa ta yi, yanzu za a mayar da ita mazauninta. Ya sa mai babur ɗin da ya kawo shi ya danne cinya, ya yi bismilla, ya kama dunduniya ya ja, ya murɗa. Ban taɓa ganin gumi ya tsatso wa mutum lokaci guda irin haka ba. Ko uhum bai ce ba, don ba a kuka gaban suruki. Bango ya juya wa fuska, ya damƙi ƙarfen gado har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Baba ya yaba masa, ya ce namiji ne, ya jera karare ya ɗaure tamau daga cinya zuwa ƙwauri.

Kwana biyu gwiwar ta ƙara hawa, ta yi sulɓi kamar tulu. Baba ya ce mataccen jini ne ya taru, sai an fitar. Aka kira wani wanzami abokinsa a nan cikin gari, aka buɗe tsakanin karare, ya tsattsaga da aska a kan gaɓar ya kafa ƙaho. Jini baƙi ya fito da wani ruwa-ruwa, ni har ina cewa kun gani ko, da wannan dattin za a rufe a ɗinke. Aka barbaɗa garin magani aka mayar da ɗauri. Baba ya koma gida ya ce zai dawo ya kwance da kansa. A al'adar gidanmu hannun da ya ɗaura shi ke kwancewa, wani ya taɓa ɗorin wani cin mutunci ne babba. Sai kuma hanya ta ƙara rikicewa, aka daina bin ta kwata-kwata na wani lokaci, Baba bai samu dawowa ba. Likitan kulob na ta bugo waya yana tambayar kumburi, ina ji maigidana yana cewa da sauƙi, amma a ɗan ƙara masa lokaci. Ba zai je musu da karare a ƙafa ba, ba kuma zai kwance ɗorin surukinsa ba. Haka ranar aikin ta zo ta wuce.

Zazzaɓi ya fara kama shi da yamma, na ce na sauro ne na sayo magani a kemis. Abinci ya fita ransa. Sannan wari ya fara tashi a ɗakin, ina ta turare ina yi wa kaina ƙarya. Ranar da Bahaɗejen nan ya zo duba shi, da raha ya shigo yana kiran ina uwar masu baki, yana ɗaga labule ya tsaya cak. Ya dubi ƙafar, ya dube ni. Ya ce matar Kaftin, me na ce miki a bakin ƙofar nan? Na taso masa, na ce ɗorin ubana ne, ba mai taɓawa sai shi. Ya ce wallahi ko ɗorin waye yau sai ya kwance, in ina da abin yi in yi. Ya ce ke kin san abin da ke cikin ƙafar nan kuwa? Abincin gidanku ne, da na uwarsa, da wahalar shekara goma sha. Ya ɗauko wuƙar da nake yanka albasa ya yanke tsumman. Abin da na gani a ƙarƙashin kararen ba zan rubuta shi ba. Ranar ce farkon ranar da wani ya daka mini tsawa ban rama ba.

A mota muka kwashe shi zuwa Katsina. Aka shiga da shi tiyatar da nake gudu, amma ba wadda aka shirya ba, wannan ta ceton ƙafa ce. Sau biyu ana buɗewa ana wanke mugunya. Da likitan wurin ya zaunar da mu, ya zana mana gwiwa a takarda ya nuna mana. Ya ce jan da aka yi ya ƙara yaga abin da ya rage a ciki, amma wannan ma da sauƙi. Tsagar da aka yi ce ta buɗe wa ƙwayar cuta hanya ta shiga cikin gaɓar, ta zauna ta cinye guringuntsin da ke sa ƙashi ya motsa a kan ƙashi, kuma wannan ba ya tsirowa. Ya ce mu gode wa Allah ba a yanke ba. Da ya tambayi wanda ya yi wannan aiki, ransa a ɓace, na buɗe baki zan yi magana, maigidana ya riga ni. Ya ce shi ne ya kai kansa wurin wani mai magani, don yana gaggawar komawa fili. Haka ya faɗa wa kulob ma. Har yau a wurinsu shi ne ɗan wasan da ya yi wauta ya kashe kansa da kansa.

Bai haƙura nan da nan ba. Watanni ya yi yana zuwa gashin ƙafa a asibiti, yana ɗaura buhun yashi a ƙafa yana ɗagawa, yana cije leɓe yana tanƙwasa gwiwar da hannu. Ta ɗan lanƙwasa kaɗan ta tsaya, ba ta ƙara ba. Kulob sun yi masa kara, sun jira har aka buɗe sabuwar kaka, sannan suka ba wani matashi lambarsa. Ranar da aka fara nuna wasansu babu shi a ciki, ya ce in kunna talabijin. Yana zaune ƙafar a miƙe a kan kujera, ina ganin kansa na waigawa hagu da dama tare da 'yan wasan, yana cewa ba shi can, ba shi can, a hankali kamar mai magana da kansa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ya ce in kashe, kansa na ciwo. Yanzu a rumfar yayansa yake zama a kasuwa, suna sayar da hatsi. Har yau Kaftin ake ce masa, yana amsawa.

Baba ya samu zuwa bayan an sallamo mu. A zaure suka haɗu, ni ina daga bayan ƙofa da kwanon ruwa. Maigidana ya dogara sanda ya tuɓe takalminsa, ya yi ƙoƙarin tsugunawa, ƙafar ta ƙi. Ya sake gwadawa har ya nemi faɗuwa, ya dafa bango. Sai na ji yana ba Baba haƙuri. Wai a gafarce shi, ya gaida shi a tsaye, ba rashin kunya ba ne. Baba ya ce ba komai, ba komai. Suka zauna suka yi zancen damina, da tsadar taki, da halin da hanya ke ciki. Ba wanda ya ambaci gwiwa, ga ta kuwa a miƙe tsakaninsu. Da na raka Baba bakin hanya ya tsaya ya ce ke, zo nan. Ya ce ya ji a gari wai tun farko likita ya haska cikin ƙafar ya ce jijiya ce, gaskiya ne? Na ce gaskiya ne. Ya ce yaron ya sani lokacin da ya miƙo mini? Na ce ya sani, ya ma roƙe ni in faɗa maka. Baba ya dube ni. Ya ce shi ƙashi ya gada, bai gaji abin da ido ba ya gani ba, da an gaya masa da ko yatsa ba zai ɗora ba, da addu'a zai yi ya sha ruwa ya koma. Ya ce duk surutun nan naki, ashe ba ki san ranar da ake buƙatarsa ba. Ya juya ya hau babur. Daga ranar har Allah Ya karɓi ransa, duk wanda aka kawo masa da ciwon gwiwa asibitin Kurfi yake tura shi. Kuma shi da surukinsa ba su taɓa tayar da maganar ba har suka rabu.

Na sha cewa maigidana ya zage ni, ko ya kore ni gidanmu in ji sanyi. Cewa yake ƙaddara ce, kuma ƙafarsa ce, shi ya miƙa. Na yarda da ƙaddara, amma na san ta hannun wa ta biyo. Shekarar da ta biyo baya na shiga ajin manya, ba don in zama wata aba ba, don na gaji da jin rabin bayani in cike sauran da son raina. Abin da na gane shi ne mu uku muka taru a kan gwiwa ɗaya, kowa da niyyar alheri. Baba ya zo da ƙauna, maigida ya yi shiru don ladabi, ni na yi faɗa don kare mutuncin gidanmu. Ba mugu ko ɗaya a ɗakin, amma ga abin da muka yi.

Don haka nake kira ga matan 'yan wasa da iyayensu, da duk wanda ke cin abinci da gaɓoɓinsa. In likita ya duba ya ce kada a taɓa, to kada a taɓa, ko wa ya zo, ko daga ina ya taso. Ba kowane ciwon ƙafa ne karaya ko targaɗe ba, kuma kada a bari a sa aska a kan gaɓa mai kumburi. Masu ɗori na gaskiya ba sa jin haushin a gaya musu gaskiya, mu ne muke jin haushin a madadinsu. Ku kuma 'yan'uwana mata, in mijinki ya kasa faɗa wa mahaifinki wata magana ya roƙe ki ki faɗa, ki sani ba raini ba ne, ba shi da wani baki a wurin sai naki. Ɓacin ran tsoho na yini ɗaya ne, da na bari ya yi shi ya wuce.

Duk ranar Juma'a ni nake goge kujerar roba in ɗaura masa a bayan babur ɗin da zai kai shi masallaci. A ƙarshen sahu yake kafa ta, inda tsofaffi masu ciwon baya suke jeruwa, shi da bai cika arba'in ba. Tun daga waccan damina goshinsa bai sake taɓa ƙasa ba. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya kuma roƙa wa Babana gafara. Ni ma in an samu wuri a sa ni.